Kan da Aka Cire daga Littafin Rybnov

Shekara arba'in da ɗaya Vendelín Hrubeš ya yi yana shata layukan filin ƙwallon garin Rybnov da farar ƙasa. Shi ke yanke ciyawa, shi ke ɗinke raga, matarsa Květa ce ke wanke rigunan 'yan wasa har ta rasu. Amma shiga rumfar giya da ke bayan fili ka tambayi gwarzon kulob ɗin nan, mutum ɗaya za a nuna maka: Ctibor Mašek, ga shi can bakin taga ya baje tumbi.

Me Ctibor ya yi? Kai ya sa wa ƙwallo, shi ke nan. A 1974 ne, saura minti biyu a tashi wasa da 'yan Jilmov, ƙwallo ta daki goshinsa ta faɗa raga, Rybnov ta hau gasar gunduma. Shekara ɗaya tak suka yi a can aka koro su, amma Ctibor bai sake sayen giya da kuɗinsa ba. To wa ya bugo kwanar, wato bugun kusurwa, da ta sauka a goshin nan? Vendelín. Babu wanda ya taɓa saya masa ko ruwan lemo.

Abin ya ci masa rai, ba kaɗan ba. Tare suka taso, tare suka yi aiki a masana'antar katako, Ctibor ne ma babban abokin ango ranar aurensa. Duk da haka, in ya ji Ctibor ya fara "Ina nan tsaye, sai na yi tsalle", sai ya katse shi.

"Wane tsalle, Borek?" yakan ce masa, don haka suke kiransa. "Ko takarda ba za ta wuce ƙarƙashin takalminka ba ranar."

"Venda, je ka shata layinka," Ctibor kan ce yana dariya. "Ya karkace wajen kwana."

Sai rumfa ta ɗauki dariya, Vendelín ya haɗiye giyarsa kamar magani.

Kulob ɗin yana da littafin tarihi, irin wanda ake rubutawa da hannu, da tawada, kowane shafi da lambarsa da hatimin kulob. Ba a gogewa, ba a yaga shafi, abin da ya shiga ya shiga. Da kogi ya yi ambaliya ya cika ɗakin ajiya, shafukan shekara goma suka jagwalgwale, har da na 1974. Ana shirin bikin cika shekara ɗari, kwamiti ya ce a sake rubuta su. Wa ya rage da zai iya? 'Yan wasan 1974 duk sun mutu sai su biyu, Ctibor kuwa mantuwa ta fara cinsa, har yakan fito sayen burodi ya kasa gane hanyar gida. Aka miƙa wa Vendelín alƙalami.

Wata uku yana rubutu a teburin kicin, tsakani da Allah, har sunayen alƙalan wasa bai bari ba. Da ya iso ranar Jilmov sai hannunsa ya tsaya. Ya tashi ya sha kofi, ya dawo ya zauna. Sannan ya rubuta: "A minti na tamanin da takwas Hrubeš ya bugo kwana, ƙwallo ta shiga raga." Ya karanta sau uku. Ina ƙarya a ciki? Shi ya buga, ta kuma shiga. Kai ɗaya kawai ya cire, kuma daɗin da ya ji ranar, ya daɗe bai ji irinsa ba.

Ranar biki da la'asar aka jera tebura a kan ciyawa, nama yana ƙauri a kan garwashi, 'yan badujala suna ta busa. Vendelín aka sa zai karanta wa jama'a littafin. Šárka, 'yar Ctibor, ta riƙo hannun ubanta ta zaunar da shi a gaba. Ya rame, tumbin ma ya tafi.

"Kawu Venda," ta ce a hankali, "in ka zo wurin nasa ka ɗaga murya. Ya manta sunana sau biyu a makon nan, amma ƙwallon nan yana riƙe da ita."

Vendelín ya so ya tsallake shafin. Ina! Shugaban kulob yana tsaye a kansa, yana bin layi da yatsa. Ya karanta yadda ya rubuta.

Wani daga baya ya ce, "Ashe dai tsoho cika baki yake yi mana," wasu suka ƙyalƙyale. Duk cikinsu babu wanda ya ga wasan, daga bakin Ctibor suka san labarin. Aka fara tafa wa Vendelín. Shekara arba'in da tara yana jiran tafin nan, ya zo kuma ya kasa ɗaga kai.

Ctibor ya miƙe da ƙyar, ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu. Babu fushi a fuskarsa, sai kunya.

"Ashe kai ne, Venda. Ni kuwa ina ta faɗa wa mutane ni ne. Kan nan nawa ya lalace. Ka yafe mini."

"Kai ne, Borek," Vendelín ya ce. "Kai ka sa kai. Da idona na gani. Har tsalle ka yi."

Ctibor ya girgiza kai, ya shafa masa kafaɗa yadda ake lallashin yaro.

"Bar tausaya mini. Ga shi a littafi, kai kuma ba ka ƙarya."

Ya juya wurin 'yarsa ya ce ta kai shi gida.