Rumfar Inna a Bayan Mota

Shekarun baya, tun ko sunana ban iya rubutawa ba, na sayi wata tsohuwar a-kori-kura. Yanzu da karatun manya ya sake min hannu, na ce bari in ba ku labarin yadda na zaɓa mata rufin baya, domin har yau in na shiga kasuwar Guci ba a rasa mai tambayata abin da ya sa motata take yawo da rabin hula.

Kafin motar, amalanken shanu nake kora. Daga ƙauyenmu da ke yankin Yekuwa nake ɗaukar gero da wake in kai kasuwa, in dawo da gishiri da kanwa da duk abin da aka aike ni. Na daɗe ina tari, na sayar da bijimaina, na haɗa da amfanin gona, har Allah Ya nufa. Motar ta sha duniya kafin ta zo hannuna. Ƙofar direba sai an ɗaga ta take rufuwa, in kuma za ta tashi da safe sai ta yi ta tari kamar tsohon mashayin taba. Amma tawa ce. Bayanta kuwa a buɗe yake fayau, ba rufi ba inuwa.

A daidai lokacin ne hawan jini ya kama mahaifiyata. Likita a Magaria ya ce kowane wata a kawo ta a auna tansiyo, a sake mata magani. Na ce to, ga ranar mota ta zo. Ashe aikin yana gaba.

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta haɗa ido da ni, in kuma tana da magana sai ta juya wajen ƙanwata da ke zaune tare da ita, ta ce, "Ki gaya wa wancan," ko da ina tsugune a gabanta. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Haka ta tarar ana yi, haka ta riƙe.

Ranar tafiyar farko na kakkaɓe kujerar gaba, na shimfiɗa sabon zane, na buɗe ƙofa ina jira. Inna ta fito da sandarta, ta leƙa ciki, ta ga yadda gwiwar mutum take kusan taɓa ta direba. Sai ta ja baya.

"Ki ce masa ni a baya zan zauna."

"Inna, rana fa," in ji ƙanwata. "Ni sai in zauna tsakaninku."

"Ranar yau aka fara yin ta? Ɗauko min tabarma."

Haka muka tafi, tsohuwa a bayan mota tsakanin buhuna, rana tana dukanta tun daga gida har Magaria. Muna isa jiri ya kwashe ta, sai da aka riƙe ta. Likita ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne ɗanta? Ka kawo min mai tansiyo a gashe kamar tsire?" Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan fara yi masa bayani?

Na gwada ba wani ya tuƙa, ni in zauna a baya. Ta ce ita ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan wasu ba, kuma ba za a ce ta sauko da mutum daga kujerarsa ba. Daga ƙarshe ta yanke magana: ta bar zuwa likita, a jiƙa mata saiwoyi a gida, Allah ne mai warkarwa. Ƙafafunta kuwa sun fara kumbura, ga damina tana ƙaratowa. Na san in ban samo wa bayan motar nan rufin da za ta yarda da shi ba, likita ba zai sake ganinta ba.

Ina da wani abokina, taubashina ne ma, ɗan kawuna, mai son ƙyale-ƙyale. Da ya ji, sai ya ce, "Kai dai baƙauye ne ko a Makka aka ajiye ka. Taso in nuna maka abin da mutanen kirki suke sa wa mota." Ya kai ni wani garaji a Magaria. Can a gefe ga wani farin rufi da aka cire daga irin motocin ma'aikatan furoje, wato ƙungiyoyin agaji, mai tagogin gilas, da ƙofar baya mai makulli. Gaskiya ya tafi da ni. Na riƙa shafa shi ina hango kaina ina shiga gari, ana cewa wane ya zama babban mutum.

"Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga," in ji mai garajin.

"Iska fa?" na tambaya.

"Kai da ka zo neman rufi, me ya haɗa ka da iska?" in ji abokina.

Mai garajin mutumin kirki ne, ya yarda a ɗora min in je in gwada, in bai yi ba in mayar. Na shigo ƙauye ina tafiya a hankali don kowa ya gani. Na tsaya a ƙofar gida, na aika a kira Inna. Ta fito, ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa rufin da sanda. Ƙanwata ta ɗaga ƙofar baya, wani zafi ya buso kamar an buɗe tanda. Inna ta duba ta ga sai mutum ya rarrafa zai shiga, in ya shiga kuma sai ya duƙar da kai.

"Ki tambaye shi," ta ce, "wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna," in ji ƙanwata.

"To da raina za a rufe ni a akwati? Ki ce masa ya mayar wa masu shi. In lokacin ya yi, makara ta ishe ni."

Abokina, da ya biyo ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa washegari na mayar da rufin, ina jin kamar an kwance min zani a kasuwa.

Sai wasu direbobi suka ba ni shawara in yi irin nasu: dogayen ƙarafa tun daga gaba har baya, a lulluɓe da bash, wato tamfol, benci biyu a gefe da gefe. Wannan ya fi kawo kuɗi, don sama ma ana loda kaya. Na shiga bayan irin motar na zauna da rana tsaka don in ji da jikina. Ciki duhu, bash ya ɗauki zafi, hayaƙi yana dawowa ta baya. Na kuma lura da wani abu: wanda ya zauna a bencin gefe, in ya ɗan juya, idonsa a madubin direba yake sauka. Na ce a raina, Inna ba za ta yi tafiyar wuni tana kare fuska daga madubina ba.

Na dawo gida na rasa abin yi. Wata la'asar ina gyaran danga, sai na tsaya ina kallonta daga nesa. Tana zaune a rumfarta ta tsakar gida, inda take wuni kullum: sama zana, baya jikin bango, gaba a buɗe. Duk wanda ya wuce sai ta gan shi, ta amsa gaisuwa, ta tambayi mai jiki, ta yi wa kaji tsawa. A nan hankalina ya faɗo. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana nuna irin inuwar da take so, ni kuma ina can ina shafa gilas.

Matsalar ita ce awo. Ba zan iya zuwa in ce, "Inna, miƙe in gwada tsawonki" ba. Sai da ta tafi barkar suna a maƙwabta na shiga rumfar. A jikin bangon akwai wani wuri da ya yi duhu ya yi santsi, inda kanta yake jingina. Na samo karan dawa, na auna daga kujerarta zuwa wurin, na ƙara taƙi biyu, na karya. Na auna tsawon kujerar ma da wani karan, don gwiwoyinta ba sa son wuri mai tudu.

Da karana biyu na je wurin mai walda a Magaria. Na ce ina son rufi, amma rabin baya kawai zai rufe, rabin da ke jikin gidan direba. Sauran a bar shi a buɗe saboda awaki da buhuna. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Na ce benci ɗaya nake so, a gicciye, mai zama ya ba direba baya. Nan ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Malam, kowa gaba yake so ya kalla. Za ka ɗauki mutum yana tafiya da baya kamar an kama ɓarawon akuya?"

"Haka nake so. Kuma gilashin nan na bayana, ka rufe shi da falangen ƙarfe."

"Ka rufe? To da me za ka ga baya?"

"Ga madubin gefe har biyu."

Ya dube ni, ya dubi karan dawan. Sai ya ce, "Tsohuwarka ce?" Na ce e. Ya ce, "Kai ne na fari?" Na ce e. Sai ya ja ƙarfe ya fara yanka. Shi ya ƙara min matakala mai naɗewa a baya da abin riƙewa, ban ma roƙe shi ba.

Da ya gama ƙarafan, muka ɗaura bash a sama saboda ruwa. A ƙarƙashinsa na sa zana, wadda na saƙa da hannuna, don ita ce take tare zafi. Gefe da gefe na rataya asabari, in ana rana a sauke, in ana son iska a naɗe. Da na shigo gari, abokina yana zaune a gindin itacen bedi da mutane. Ya miƙe ya ɗora hannu a ka.

"Jama'a, ku zo ku ga rumfar mai tsire tana tafiya! Taubashi, kuɗin ne suka ƙare a rabi, ko hankalin?"

Na ce masa, "In ka ga dama ka hau, amma wurin awaki ne ya rage."

Wannan karon ban aika a kira Inna ba. Na ajiye motar a inda in ta fito za ta gan ta, na sauke matakalar, na yi tafiyata gona. Kwanaki motar tana nan a ajiye. Ƙanwata ce ta raɗa min cewa ta ga tsohuwa ta tsaya tana taɓa zanar.

Ranar da likita ya sa mana ta zo. Tun da hantsi hadari yake haɗuwa a gabas. Na tayar da mota, na zauna a ciki, ban kashe ba, ban kuma yi oda ba. Na san in ta ƙi wannan, ba ni da wata dabara. Can sai na hango ta a madubin gefe, da mayafinta na fita unguwa. Ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Wa ya saƙa zanar nan?"

"Yaya ne," in ji ƙanwata.

"Shi ya sa. Ki ce masa bakinta bai ɗauru ba, kafin kaka za ta warware."

Sai na ji motar ta ɗan nutsa ta baya. Ta hau.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni kuma na rufe gilashin da zan gan su, ban san halin da suke ciki ba. Na daure, na daure, na kasa. Na tsaya a gefen hanya, na fito cikin ruwa na zagaya. Na tarar an sauke asabari, ƙanwata ta rufe musu ƙafafu da leda, Inna kuwa tana jingine, a bushe, tana cin goro tana kallon gonakin da muka baro. Ta kawar da kai gefe.

"Ki tambaye shi wa ya ce ya tsaya. Likitan jiranmu zai yi?"

Na koma na zauna a jiƙe sharkaf, ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zare.

Tun daga ranar ba ta sake fashin zuwa ba. Kumburin ya sauka. Har ta kai ga ranar likita ita take riga ni shiri, ta kuma zaɓi tsofaffin da za su zauna kusa da ita a benci, wadda suka yi faɗa da ita kuwa sai ta nemi wata motar. Rabin da na bari a buɗe shi ya ci gaba da ciyar da gidana. Daga baya na ga motoci a Dungass da irin rufin, ban ce daga wurina suka gani ba, amma ban hana kaina murmushi ba.

Abin da na ɗauka a wannan al'amari shi ne, in za ka yi wa mutum inuwa, ka fara duba inda yake zama in ba kowa ya tilasta shi. Da na tsaya gardama da kunyar Inna, ina cewa zamani ya sake, da na yi nasara a magana na rasa tsohuwata. Ban canza ta ba, ƙarfe na lanƙwasa ya bi ta.

Ba ta taɓa ce min na kyauta ba, ban kuma sa rai ba. Amma wata rana a layin likita, wata mata ta tambaye ta wa yake kawo ta daga wannan nisa kowane wata. Ƙanwata tana kusa, ita ta kawo min maganar. Ta ce Inna ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce:

"Wani ne mai mota, ɗan garinmu. Ba laifi, yana da hankali."

Na yi shekaru ana yaba min a kasuwa da masallaci, amma ban taɓa jin yabon da ya cika min ƙirji kamar wannan ba.