Sunan da Ba a Amsawa

Shekara huɗu na yi ina gadi a wata makarantar 'ya'yan baƙi da ke wajen unguwar Abu Hamour, a wata ƙasar Larabawa. In an tashi da azahar nakan tsaya a bakin ƙofa da lasifika da takardar sunaye. Duk motar da ta iso, sai in kira ɗalibin da aka zo ɗauka daga zauren jira, domin zafin garin ba ya barin yara su tsaya a waje.

Akwai suna ɗaya da ba a taɓa amsa mini ba. Sunan mace ne. In kira sau uku, zauren ya yi tsit, yara su sunkuyar da kai kamar na ambaci mamaci. Can sai wani ɗalibi mai askakken kai, ɗan wajen shekara sha shida, ya miƙe ya wuce ta gabana ya shiga wata farar mota. Na fi wata guda ina zaton yayanta ne, ita kuwa tana gida ba lafiya.

Wata Alhamis ya tsaya a gabana.

"Ankul, wadda kake kira ba ta nan. Ni ne."

Ya karɓi birona, ya rubuta sunan namiji a gefen takardar, ya tafi.

A garinmu uba ke raɗa wa jariri suna a kunne, a yanka rago, shi ke nan har kabari. Ban taɓa jin an haifi mutum mace ya ce shi namiji ne ba, balle ya raɗa wa kansa suna. Na je ofis na tambayi sakatariya. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Abin da ke katin shaida shi ke rajista, shi za ka kira. Khalas, magana ta ƙare."

Kullum da safe ake buga sabuwar takarda, don haka washegari sunan yarinyar ya dawo shi kaɗai. Ni kuma bakina ya ƙi ɗaukarsa. Da farar motar ta iso sai na ajiye lasifikar, na taka har ƙofar zaure, na faɗi sunan da ya rubuta a hankali. Ya ɗago ya ce, "Na'am." Haka muka yi har ƙarshen zango. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Bayan hutun sanyi yaron bai dawo ba, amma sunan macen bai bar takarda ba.

Wata rana an watse, zauren babu kowa, ina shirin kulle ƙofa, sai ga farar mota mai baƙin gilashi ta tsaya. Ban yi tunani ba, na ɗaga lasifika na karanto abin da ke rubuce, sunan macen. Sai na ji an ja kujera a cikin zauren, wata siririyar murya ta amsa.

Na shiga da addu'a a bakina. Kujeru ne jere, sai ƙugin na'urar sanyi. Na duba banɗaki, na duba bayan labule. Ko da na fito, motar ta tafi.

Abokin ɗakina, wani direba ɗan Zangon Kumasi, ya ce rana ce ta taɓa ni. Wataƙila.

Da na sake tambayar sakatariya, ta ce iyalin sun bar ƙasar, an rufe fayil da sunan da ke kati. Wato babu takarda ko ɗaya a makarantar da ta nuna yaron ya taɓa zama a can. A satin nan na roƙi a mayar da ni ƙofar baya inda ake sauke kaya, a can na ƙarasa kwantiragina.