Jan Sa da Birkin Hagu

Mu a Indabo tantan muke ce wa tarakta, kuma ta gidanmu ta girme ni. Babana ya saye ta a gwanjo bayan ta gama yi wa wasu bauta, fentinta ya koɗe, bututun hayaƙinta ɗaure da waya. Da ita yake ciyar da mu, da iyalin ƙanensa Baffa Ilu, da kakarmu Iya. Da damina ya yi wa mutane huɗa, da kaka ya ɗaura mata tirela ya kwashi buhuna zuwa kasuwar Wudil.

In an gama girbi sanyi ya shigo, bayan sallar isha muke taruwa a ƙofar ɗakin Iya. Takan hura wutar kara, ta binne gyaɗa a toka, ta dube ni ta ce, "Ga mijin banza ya iso, ko cefane babu, sai baki." In na ce zan sake ta, sai ta ce ai ta daɗe da haɗa kayanta. Haka muke har ta tura kara cikin wuta ta ce, "To, ga wata ta taso." Mu kuma mu amsa, "A ba ta wuri ta zauna."

Duk wasan nan da jikoki take yin sa. Babana ɗan farinta ne, kuma Iya mutuniyar dā ce, tana yi masa kunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta nuna ta damu da shi. In ya durƙusa gaishe ta, wuta take kallo ta amsa a gajarce. In za ta ambace shi sai ta ce "mai tantan". Baffa Ilu kuwa auta ne, shi ake kira da suna, shi ake ajiye wa ƙanzo.

Tarakta birki biyu gare ta a ƙarƙashin ƙafar dama, ɗaya na tayar hagu, ɗaya na ta dama. A gona ana raba su, don in ka kai ƙarshen kunya ka taka guda ta juya a ɗan wuri. In za a hau titi sai a haɗa su da wata 'yar sakata, a taka su tare. Garmar Baba dama take kifar da ƙasa, saboda haka juyinsa kullum hagu ne. Damina bayan damina na hagu yana cinyewa, na dama yana hutu. Iya ba ta san sifana ba, amma da yamma tana sayar da daddawa a ƙofar gida. Ta lura duk sanda Baba ya tsaya, tantan sai ta karkata kai dama, kuma taya guda ce take barin sawun birki a yashi.

Wani dare Baba ya shigo gaisuwa, ya durƙusa daga nesa. Maimakon ta sallame shi, sai Iya ta fara tatsuniya, ta ɗaga murya fiye da kullum.

Wai an yi wani manomi mai amalanke da shanu biyu, Ja da Baƙi. Ja mai ladabi ne, da an taɓa igiyarsa ya tsaya. Baƙi kuwa sai an yi da gaske. To manomi ba ya son wahala, in zai tsaya igiyar Ja, in zai juya igiyar Ja. Kofaton Ja ya cinye, wuyansa ya yi kanta, Baƙi yana ta ƙiba. Maƙwabta suka ce ya hutar da Ja, ya ce sai an gama kwasar hatsi. Ran nan ya yi lodi ya nufi mashayar kogi, ashe ruwa ya cinye hanya. Ya finciki igiya biyu tare. Baƙi da ƙarfinsa ya tsaya cak. Ja ya so ya tsaya, ƙafafu suka zame, amalanke ta juya ta ɓangaren Baƙi ta kife a ruwa.

Har yanzu ina jin yadda Iya ta rage murya a nan. "Da manomi ya fito yana tari, ya ce, 'Ja, kai ma yau ka ƙi jin maganata?' Sai Ja ya ce, 'Maigida, ni na ji. Ƙafafun ne ba su ji ba.'" Ta tono gyaɗa daga toka ta ce, "Nan ta kwanta, a bar ta ta yi barci."

Muka yi dariyar manomi. Baba ma ya yi murmushi, don ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Iya, ai na san da shi. Da na sauke dawar mutane ranar Juma'a, zan kai ta wajen makanike a daidaita." Na ga leɓenta ya motsa. Sai ta juya ga ƙanwata ta ce, "Ke, janye zanenki daga wuta." Baba ya ce a tashi lafiya, ya fita.

Ranar Juma'a ya yi lodi tirela har ta yi tozo. A gangaren da ke kusa da gada wani garken shanu na makiyaya masu zuwa cin kara ya ɓullo kan titi. Ya taka birki biyun a haɗe. Na dama ya kama, na hagu babu komai. Tantan ta juya dama, tirela ta turo ta daga baya, suka faɗa kwazazzabo. Shanun ko ɗaya bai ji ciwo ba. Baba kuwa ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta murƙushe.

Da aka shigo da shi gida a kan tabarma, mutane sun cika tsakar gida ana ta salati. Iya ta ratsa su ba mayafi, ta durƙusa ta kama kansa da hannu biyu ta ce, "Salihu. Salihu, ɗana." Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba.

Baba ya tashi, amma da sanda, bai ƙara hawa tantan ba har ya rasu. Iya ta ci gaba da hura wutarta, tana ba mu gyaɗa, amma in mun nemi tatsuniya sai ta ce bakinta ya gaji.

Yau ni nake jan tantan ɗin. Kafin kowace kaka nakan ɗaga ta a jak, in duba fatar birki ta kowane gefe, in canja wadda ta cinye, in ɗaure noti har takun hagu da na dama su zo daidai. Sannan in haɗa sakata, in gwada ta a yashin ƙofar gida, in sauka in duba sawu. Sai na ga biyu, tsawonsu ɗaya, nake yarda.

Sai da na girma na lura tatsuniyar ta fi tantan faɗi, don a gidanmu ma igiya guda ake ja, kuma Iya ta san wanda kofatonsa yake cinyewa. Ba na ganin laifinta, haka ta tarar ana yi, kuma ita a wurinta kunyar nan ƙauna ce. Amma abin yana ci mini rai. Baba bai taɓa tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Da a daren nan ta dube shi ta ce kada ya fita da motar nan sai an gyara, wallahi ko ya riga ya yi lodi, da ya sauke shi da hannunsa. Leɓenta ya motsa, na gani da idona. Sunan yana nan a bakinta tun lokacin, sai dai bai fito ba sai da aka kawo shi a tabarma.