Ɗakin da Mai Gidan Ba Ya Shiga

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma ranar da muka kai muhandis, wato injiniyan gini, ya duba mana wani tsohon gida a ƙauye, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Har yau in ƙamshin shinkafar mandi ya haɗu da na turaren wuta a hancina, sai in ji ina taka ƙasa a hankali.

Mu haifaffun Jidda ne, iyayenmu ma haka. Kakanninmu ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Gidanmu na gado yana unguwar Kurayyat, har rusau ya biyo ta kansa. Aka ba mu diyya, muka kama haya a saman bene kafin mu ga abin da Allah zai yi. Ummi, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yafe wa benen nan ba. Ga ciwon gwiwa, ga rashin tsakar gida. Kullum tana bakin taga tana cewa mun saka ta a kwali tun ba ta mutu ba. Burinta bai wuce gida a ƙasa ba, inda za ta ɗaure awaki, ta shuka yakuwa, jikokinta su taru ranar Juma'a su yi ta tsalle babu maƙwabcin da zai buga musu rufi daga ƙasa. Kuɗin kuwa su ke nan, domin gidan uba ba ya rushewa sau biyu. In muka saya ba daidai ba, a kwalin nan Ummi za ta ƙarasa kwanakinta.

Yayana ne ya samo gidan. Shi yana kula da wasu gidajen shaƙatawa ne a Abhur, yana karɓar maɓalli yana miƙa maɓalli, saboda haka ya ɗauki kansa masanin gini, kamar yadda mai share asibiti yake rubuta wa dangi magani. Ni ce ƙaramarsu, ina zaman teburin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori a Ruwais, kuma a gidanmu ra'ayina yana da daraja matuƙar ya zo daidai da na Yaya.

Gidan yana wani ƙauye a bayan Usfan, kuma in faɗi gaskiya ya yi kyau. Ga bishiyoyin dabino, ga rijiya, ga garke a gefe kamar an san da zuwan Ummi. Mai shi wani dattijo ne mai farin gemu da taushin murya, matarsa ta rasu, ya koma wurin ɗansa, gidan ya zama kango mai tsabta. Ranar da muka fara zuwa, tun daga ƙofa muka ji ƙamshi. Ashe rago ya yanka mana. Aka shimfiɗa mana ƙaton faranti na mandi, shinkafa da naman da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi, a majalisin gidan, wato ɗakin baƙi. Shi ne ɗakin da ya fi kowanne sabunta, yana daf da ƙofar shiga, an malala masa darduma mai kauri, ga kaskon turare har biyu suna ta hayaƙi.

Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji. "Tafaddalu, ku shiga, gidanku ne. Ni ba zan shigo ba, akwai mata, kada in takura muku."

Yaya ya kusa hawaye. Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani ko? Wannan shi ne asali. Je ki nemo irin wannan kunyar a Jidda."

Muka ci muka yi nak, ni ma ban bar nawa ba. Akwai wani abu da na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: man naman kullum gefe ɗaya na farantin yake gangarowa, gefen da ke kallon tsakiyar ɗakin. Yaya ya gano haka tun loma ta biyu, ya koma can ya baje, ya ce albarka ce take bin babba. Ummi kuwa ta dubi ɗakin ta ce nan ne nata, babu matakala, ga ƙofa kusa, nan za ta sa gadonta da abin sallarta.

Haka muka yi ta zuwa. Sau uku muka je, sau uku ana yanka rago, kuma ba mu taɓa zagayawa bayan gidan ba. Da mun iso sai abinci, da mun gama sai gahawa da dabino, da mun gama wannan jiki ya mutu, rana ta take, sai a leƙa ɗakuna daga bakin ƙofa a ce masha Allah. Mun san ɗanɗanon ragunan mutumin nan fiye da yadda muka san bangon gidansa.

Da aka fara maganar ranar sa hannu, na ce a kira masu duba gida kafin a saya, irin ofisoshin nan masu lasisi da ke turo muhandis ya bi gini tun daga tushe har rufi ya rubuto abin da ya gani. Kai ka ce cewa na yi a tono kabarin kakan dattijon.

"Aib! Wallahi abin kunya!" in ji Yaya. "Mutum ya yanka miki rago uku, tsakaninmu da shi akwai gurasa da gishiri, sannan ki kawo masa baƙo da guduma yana ƙwanƙwasa masa bango kamar ɓarawo?"

Na ce, "Yaya, gishirin za mu saya ko gidan?"

"Ke ba ki san mutane ba. Ni kallo ɗaya nake yi wa gini."

"Kallo ɗayan ma ai ba ka yi ba, kanka na cikin faranti."

Ummi ce ta raba mu. Ta ce a kira muhandis ɗin, in gidan lafiya yake ai guduma ba za ta sa masa ciwo ba. Yaya ya yarda, amma da sharaɗi: kada a ce muhandis ne, a ce ɗan uwan mijina ne ya biyo mu gaisuwa. Haka kuwa aka yi. Ɗan uwan mijina ya sauko daga mota da hular kwano a ka, jakar kayan aiki a kafaɗa, tsani a hammata, irin shigar da kowa ke yi in zai je gaishe da dangi.

Ranar ma an yanka rago. Da yake akwai baƙo namiji, ni da Ummi muka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino, muna hango ƙofar majalisin. Yaya ya shige ya kama gurbinsa na albarka. A nan ne na fara zargin wani abu, domin babu mace ko ɗaya a ɗakin, amma dattijon yana nan a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, yana ta tafaddalu. Na ce a raina, yau kuma kunyar wa yake ji, ta Yaya ko ta mai hular kwano?

Muhandis ɗin mutum ne mara yawan magana. Aka yi da shi ya zauna ya ci, ya ce a yi masa uzuri, shi ba ya cin abincin gidan da bai gama dubawa ba, in ya ci idonsa yakan yi laushi. Ya kafa tsani ya hau rufi, ya sauko ya bi wayoyin lantarki, ya leƙa rijiya, ya manna wata 'yar na'ura a bango yana auna danshi, yana ɗaukar hoto. Abin da ya fara samu ƙanana ne: gara ta ci wata ƙofa, wayoyi sun tsufa, duk abin gyarawa. Yaya yana jiyowa daga ciki, baki cike, ya ɗaga murya yadda zan ji. "Halas? An huta? An biya mutum ya gano mana gara a ƙauye!"

Sai muhandis ya dawo daga bayan gida yana kakkaɓe hannu, ya ce wa dattijon, "Ya ammi, ina bayyarar gidan nan?" Bayyara ita ce ramin da ruwan bayan gida da duk ƙazantar gida ke gangarawa su taru.

Dattijon ya yi nuni da hannu wajen duwatsu, ya ce, "Can." Yadda ya nuna, tana iya kasancewa a Madina. Sannan ya sunkuya ya miƙa hannu daga waje ya ƙara turare a kasko.

Muhandis ya juya. Ya koma bayi ya kamo bututu, ya biyo shi a jikin katanga taku bayan taku, muna kallonsa, har bututun ya nutse a ƙarƙashin bangon majalisin. Ya cire takalmi ya shiga, yana bin gefe. Ya dubi farantin da man da ya taru a gaban Yaya, ya daɗe yana dubansa. Ya naɗe gefen dardumar, ya ƙwanƙwasa ƙasa da 'yar gudumarsa. A jikin bango ƙarar ta fito a toshe. Da ya miƙa hannu wajen tsakiya, sai ta amsa kamar an buga ƙwarya a kife. Ya nemi izini, bai jira an gama ba shi ba, ya sa ƙarfe ya ɗaga wani tayil da ya riga ya tsage. Abin da ya taso daga nan, kaskon turare goma ba za su iya da shi ba. Har inuwar dabino ya iske mu.

Ya zura wata 'yar kyamara mai igiya a ramin, ya kalli wayarsa, sannan ya yi wa Yaya magana a hankali kamar mai lallashin yaro. "Ya akhi, ajiye shinkafar. Kada ka miƙe da ƙarfi. Ja da baya, ka bi jikin bango ka fita."

Yayana ƙato ne, masha Allah. Ban taɓa zaton zan ga ranar da zai yi rarrafe da baya ba, farar riga a tattare, loma a dunƙule a hannu ya rasa inda zai ajiye ta. Masanin gini na Abhur ya fito da gwiwa, ya zauna a ƙasa yana salati.

A waje muhandis ya nuna mana hoton. Ashe ɗakin ƙari ne aka yi daga baya, aka ɗora shi a kan tsohuwar bayyara, rami mai zurfi da har yanzu yake aiki. Simintin da ya rufe ta ya zaizaye daga ƙasa, rodin ciki tsatsa ta cinye shi, yana reto kamar taliyar da ta dahu. Tsakiyar ɗakin ta riga ta lotsa, shi ya sa albarka take gangarowa wajen Yaya. Na tambaye shi yaushe zai rufta. Ya ce, "Yau ne ko baɗi, Allah kaɗai ya sani. Ni dai ba zan kwantar da mahaifiyata a kansa ba."

Nan dariyar da nake dannewa ta mutu. Na tuna gadon Ummi, na tuna ranar Juma'a, jikoki cike da ɗakin suna tsalle a kan dardumar nan. Tsoro na fara ji, daga baya fushi ya zo.

Dattijon ya fara rantsuwa. Ya ce 'ya'yansa ne suka gina, shekara da shekaru ana zama ba abin da ya faru, kuma komai ai ƙaddara ne, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare.

Ummi ta dafa sandarta ta miƙe. Ta tako har bakin ƙofar, ta yi masa magana da Larabcinta na tsofaffin Jidda, murya a kwance. "Ka yi gaskiya, ya shaikh, komai ƙaddara ne. Ka yi ta yanka mana raguna, ba ka taɓa sa hannu a farantin ba. Yalla, shiga ka zauna a tsakiya, abincin bai huce ba, ni ma zan shigo in zauna kusa da kai. In ka ci ka ƙoshi, na sayi gidan."

Dattijon ya dubi ɗakin, ya dubi ƙafarsa, ya shafa gemu. Can ya ce shi yana da ciwon suga, likita ya hana shi shinkafa.

"Allah ya ba ka lafiya," in ji Ummi, ta juya ta nufi mota.

Kafin mu tafi, muhandis ya gaya masa ƙarara ya kulle ɗakin kada kowa ya sake shiga sai an gyara. Ko ya kulle ko bai kulle ba, ban sani ba, ba mu sake bin hanyar ba. A mota Ummi ta juya fuska wajen taga tana share ido da gefen mayafi, domin ta riga ta raɗa wa awakin suna tun ba a saye su ba. Sai da muka fara hango fitilun Jidda Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Amma dai naman ya dahu."

Ummi ta ƙara watanni a kwalinta, tana duban mu kamar mu muka haƙa ramin. Daga baya muka sami wani gidan a wani ƙauyen, ƙarami, mara fenti, mai shi ko ruwan sanyi sai da muka roƙa. Wannan karon Yaya da kansa ya ɗauko ɗan uwan mijina, har yana riƙe masa tsani yana ba shi shawara. A can Ummi take yanzu da awakinta, jikoki suna tsalle ƙasa tana ɗauka.

Abin da na koya shi ne, in za ka sayi gida, bari ido ya gama aikinsa kafin baki ya fara nasa, kuma ka biya wanda ya san gini ya duba maka, wanda bai ci ragon kowa ba. Kunyar da ta hana ka ƙwanƙwasa bango ba za ta zo ta ciro ka daga rami ba. Ummi kuwa nata darasin ya fi nawa gajarta. Har yau duk gidan da aka gayyace ta, ba ta duban farantin, sai ta tsaya ta ga inda mai gidan ya zauna, ta je ta zauna kusa da shi.