Jawabin da na yi a durƙushe

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a wajen Malumfashi, malamarmu ta Turanci ta rarraba mana kalmomin nan masu tafiya bibbiyu. Ni na samu "pick up". Ta ce ranar Alhamis kowacce za ta fito gaban makaranta ta yi bayanin nata, wadda ta fi iyawa ita za a kai gasa Funtua. Ni kuwa ban taɓa zuwa Funtua ba, sai dai in ga motocin auduga sun nufi can. Ina son zuwa ƙwarai, amma ko a aji aka kira sunana muryata rawa take yi.

Kwana huɗu ina bita a gaban awakinmu. Ina zuba musu dusa ina faɗa musu cewa ɗaukar abu daga ƙasa "pick up" ne, mai babur ya tsaya ya ɗauke ka shi ne, amsa waya ma shi ne, har mara lafiya in ya fara jin ƙarfi. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Malama, ɗaliban naki suna ganewa kuwa?"

Ranar Alhamis aka kira ni. Ina isa gaban lasifika na ga babban baƙon da aka gayyato: yayan mahaifina, tsohon hedimasta, wanda muke ce wa Baffa. A gidanmu ba a yi masa magana a tsaye. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Baffa, ina kwana?"

Fili ya ɗauki dariya. Lasifikar tana can sama da kaina, malama tana ta yi mini alama da hannu in tashi. Na kasa.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Ya mutan gida?" Sannan ya dubi malama ya ce, "A sauko mata da abin maganar mana."

Haka na yi bayanina kaf a durƙushe, idona a kan takalmansa masu jar ƙasa a gefe. Da yake ba fuskar kowa nake gani ba, muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Malamai suka zaɓe ni.

Da aka tashi, Baffa ya kira ni gefe ya ce, "Ba zan je Funtua ba. Saboda haka ki tsaya da ƙafafunki."

A Funtua na tsaya kuwa, na zo ta uku. Har yau kunyar ba ta bar ni ba, na dai gane ba ta hana ni magana. In zan yi jawabi, takalman wani nake nema a layin gaba, in fara da su.