Kaɗanyar Inna

Shekarar da na fara aikin malamin gona a Faskari, kuɗin fetur sun cika ƙasa, ni kuma kaina ya cika da iska. Ga albashi, ga sabon babur, ga wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. In na shigo garinmu Pauwa ran Juma'a, sai na zaga gari sau biyu kafin in nufi gida, don kada wani ya ce bai gan ni ba.

A gonarmu ta gado akwai kaɗanya guda bakwai. Gona ta Baba ce, amma 'ya'yan kaɗanya na Inna ne, haka muka tashi muka tarar. Ba a hawa, ba a girgizawa, abin da ya faɗo don kansa shi ake tsinta. Da damina Inna kan fita da sassafe ta tsinto, ta dafa ƙwarar, ta shanya, ta daka, ta soya, ta niƙa, sannan a yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Ɓawon ya shiga murhu, abin da ya kwanta a ƙasan tukunya a shafe katanga da shi saboda gara. Mata uku ke taya ta bugu, kuma a gabansu take raba man, kowacce ta ɗauki kasonta tana gani. Ran kasuwar Kankara ta naɗe curinta a ganye ta tafi. Da man nan aka ɗinka mani rigar makaranta.

Sai ofis ya ce za a kawo tarakta, amma sai gonar da babu itace a ciki. Ni kuwa so nake gonar ubana ta zama ta gwaji, manya su zo su gani, a ce ai ta gidansu malamin gona ce. Na sami Baba a zaure.

"Baba, itatuwan nan ne za su hana tarakta juyawa. In aka cire su, masara sai ta ninka."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka tambayi mai su?"

"Ai gonarka ce, Baba."

"Gona dai tawa ce," in ji shi.

Na gane sarai, na yi kamar ban gane ba. Na san in na tambayi Inna a'a za ta ce, ni kuma na riga na cika baki a ofis. Sai na bari ta tafi Damari biki na kwana uku, na kawo katafila. Kafin azahar an gama. Itatuwan da suka girmi kakana, ko wuni ba su ɗauka ba.

Da ta dawo, tun a hanya aka gaya mata, ta bi ta gona kafin ta shigo gida. Na tanadi amsoshi, ina jiran faɗa. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" take cewa. Ran nan ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Wallahi da marina ta yi, da ya fi mani sauƙi. Don in rufe kunya, sati na zagayowa na kawo mata ƙatuwar kwalbar basilin. Kai, ni dai na yi wauta! Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ɗora a kan jere, ba ta taɓa buɗewa ba.

Matan nan uku suka daina zuwa, tukunyar bugu aka kife ta a bayan ɗaki. Da damina ta zagayo, wata ran kasuwa a Kankara na hango Inna a layin masu man kaɗe. Ba zaune take ba, a tsaye take, tana taya curi a hannun wata. Na karkata babur na bi ta wani layi, ko gaishe ta ban iya yi ba.

Ba a jima ba matata ta haifi ɗiyarmu ta fari. Washegari Inna ta iso Faskari a bayan akori-kura. Bayan an yi wa jaririya wanka, ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da wata 'yar ƙwarya an rufe da faifai, an ɗaure da tsumma. Man da ke ciki har ya fara sauya launi.

Na ce, "Inna, da kin bari ai da na sayo sabo."

"Wannan ba na kasuwa ba ne, na gonarmu ne, bugun ƙarshe," in ji ta. "Na ce kada ɗiyarka ta zo duniya ba ta taɓa na gidansu ba."

Ashe saye take ta shafa, wannan kuwa tana ɓoyonsa. Ta lakato ta murza a tafi, ta shafe yarinyar har tsakanin yatsun ƙafa, ta miƙo mani ita. Na karɓa kaina a ƙasa. Ta mayar da faifan ta rufe, ta tura wa matata ƙwaryar.

"A riƙa shafawa kaɗan-kaɗan," ta ce. "Babu wani."