Ƙarfen da zan tafi da shi

Tun gashina bai fara fari ba nake wankan gawa. Daga Kankia har Kusada, in mace ta cika, ni ake aiko wa da babur. Kafin ruwan magarya ya taɓa jiki, sai na raba mace da duk abin da duniya ta rataya mata: 'yan kunne, warwaro, jigida, zobe, har zaren kitso. Haka na gada wajen gwaggona, kuma ban taɓa sallamar kowa da ko tsinken allura ba. Da Allah ya kai ni Makka, abokan tafiya kowacce ta sa haƙori, ni na ƙi. Na ce yadda na zo, haka zan koma.

Sai ciwon ciki ya tasa ni gaba. Tuwo ya ƙi zama, daga baya har kunu. Babban ɗana ya kai ni wani asibiti a Kano, aka yi hoto, aka ce ƙari ne ya toshe hanji, sai an yanke wurin an haɗa.

Likitar mace ce, ba ta kai ɗiyata ta tsakiya ba, amma akwai ladabi. Ta zauna bakin gado ta ce, "Inna, ba za mu tsaga ki ba. 'Yan huji za mu yi, kowane kamar kan ɗan yatsa, mu zura kyamara da kayan aiki."

Na ce, "To 'yar nan, in hannu bai shiga ba, wa zai yi ɗinkin?"

Ta fita ta dawo da wata na'ura da suke koya wa ɗalibai da ita. Doguwa ce kamar muciya, da batir a mariƙinta, bakinta siriri kamar na zalɓe. Ta ce ita ke kama hanji, ta jera mashi 'yan ƙarafa ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sannan ta yanka tsakani. Ta sa mata siririn soso a baki, ta danna. Abin ya kama, ya ɗan dakata, ya wuce sumul. Sai ta ninka soson ya yi kauri, ta sake dannawa. Wannan karon ya tafi a hankali, a hankali, ya tsaya cak, ya yi ƙara, wata 'yar fitila ta kama.

Ta ce, "Kin gani? Akwai abin da aka sa mata da ke jin kaurin nama da taurinshi. In ya yi kauri ta rage gudu, in ya fi ƙarfinta ta tsaya ta faɗa mani. Ba ta yi wa nama dole."

Wallahi abin ya burge ni. Ni ma in zobe ya maƙale a kumburarren yatsa, ɗan yatsana ke gaya mani inda zan ja da inda zan tsaya in nemi sabulu da zare. Na ce ashe wanda ya ƙera ta ya san mutunci.

Sannan na tambaya, "Su ƙarafan, yaushe zan dawo a cire?"

Ta ce, "Ba a cirewa, Inna. Nama ke rufe su, su zauna."

Na ji ɗakin ya matse. Gadon da ma ƙarfe ne ta ko'ina, ga robar ƙarin ruwa ta ɗaure mani hannu, ga taga ba ta buɗewa. Na ce a yi mani da zare. Ta ce wurin can ƙasa yake, in da hannu ne sai an tsaga ni sosai, kuma da shekaruna da ciwon sukarina ba ta so ta bar ni da babban rauni. Ɗana ya kira limamin unguwarmu a waya, ya sa mani a kunne. Malam ya ce babu zunubi, lalura ce, da su ake binne mutum. Na ce, "Allah gafarta malam, ni ba zunubi na tambaya ba."

Hanya biyu ce ke nan. In koma Kankia da toshasshen hanji in tafi da wuri, ni da likkafanina kawai, ko in zauna da ƙarfe a ciki. Ɗana ya durƙusa gefen gado ya ƙi ɗaga kai. Matar gadon kusa da ni kuma tana shan fura, ina jin ƙamshin har maƙogwaro. Kada wani ya ce jarumta ce. Yunwa ce, da yaron nan. Na ce su yi.

Na warke, alhamdu lillahi. Tabon ma sai na nuna ake ganinshi. Ƙawata Bafulatana mai nono, wadda ke zuba mani ruwa in ina wankan gawa, ta zo dubiya tana cewa, "Ke Kaɗo, yanzu in aka kawo mayen ƙarfe sai ki bi shi da gudu." Na ce ta fita mani daga ɗaki da warin man shanunta.

Bayan girbi aka aiko babur daga Kusada. Tsohuwa ce, zoben azurfa ya nutse mata a yatsa. Na sa sabulu, na naɗa zare, na ja, na tsaya, na sake ja, har ya fito. Na jefa shi a tasa, ya yi ƙara. Ban san lokacin da hannuna ya koma kan marata ba.

Ƙawata tana tsaye da buta. Ta ce a hankali, "Ran naki ni zan yi."

Na ce, "Za ki bar ni da kaya."

Ta ce, "Abin da hannuna ya kai zan cire. Miƙo hannun, ruwa na sanyi."

Na miƙa. Har yau ana aiko babur, har yau ina zuwa, kuma kowacce tana tafiya fes. Nawa ƙarafan suna nan ƙasan cibiya, inda sabulu da zare ba sa kaiwa.